Mataki na Uku Ba Ya Komawa na Biyu

Daga shagon littattafai, Utako, Abuja. Ranar Laraba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata Ummi, mai sunan mahaifiyata. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki a zaune a kan katifarki ta ɗakin kwanan ɗalibai a Sakkwato, da ƙafafunki biyu da tabaranki a fuska, kin sha ruwa kin yi salla. Allah Ya tsare ki daga Zuba zuwa Kaduna, daga Funtuwa zuwa Gusau, Ya hana direba gyangyaɗi, Ya hana taya fashewa, Ya makantar da mutanen daji daga ganin motarku. Amin.

Bayan haka, ina shelanta wa jama'ar Utako, da mazauna birnin tarayya baki ɗaya, da duk wani mai kunnen ji daga Uke har Yangoji, cewa a yau da hantsi an rufe akwatinki. Wannan gagarumin aiki, wanda ya kamata a koyar da shi a makarantu, ya bi matakai huɗu. Na farko matakin zuba kaya. Na biyu matakin gardama, inda mahaifiyarki ta rantse cewa gara a bar takalmanki da a cire garin kunu da yaji da kuka. Na uku matakin zama a kan akwati, wanda ni na ɗauki nauyinsa da dukkan nauyina. Na huɗu matakin jan zif, wanda aka kammala cikin salati. Gobe a tasha, yayin da kike fama da 'yan kamasho a kan kujerar gefen taga, zan zura wannan takarda a aljihun akwatin na waje, inda kika ajiye cajar wayarki, domin shi ne wuri ɗaya tak da na tabbata ba za ki kwana ba ki buɗe ba.

Kada shelar ta ruɗe ki. Tsoro nake ji, Ummi. Akwai maganar da na ɓoye miki wata tara game da lafiyata, kuma da gangan na zaɓi ki ji ta bayan kin yi nisan da ba za ki iya sauke akwati ki ce kin fasa karatun likita ba. Zan faɗa miki ita a cikin takardar nan. Amma ki yi haƙuri in bi ta hanyar da na saba, wato doguwa, domin in na zo kanta kai tsaye hannuna zai ƙi rubutu.

Kin san sana'ata. Shekara talatin ke nan ina sayar da tsofaffin littattafan makaranta a wannan shago, kuma ban taɓa barin littafi ya fita ba sai na karanta shi, ko da mai saye yana tsaye yana duba agogo. Ban shiga jami'a ba, amma jami'a ta bi ta hannuna kwali bayan kwali. A cikin wannan dogon bincike na gano cewa masana, duk da kowannensu yana ganin ɗan'uwansa bai san komai ba, sun haɗu a kan abu guda: kowa da tsaninsa a kafaɗa. Masanin halittu ya ce kwaɗo yana farawa ne ƙwai, ya zama talibambam, ya fitar da ƙafafu, ya rabu da wutsiya. Masanin labarin ƙasa ya ce kogi yana da ƙuruciya da tsakiyar ƙarfi da tsufa, sai ka ce ma'aikacin gwamnati. Masu kimiyya sun ce ruwa ɗaya ne yake zama ƙanƙara, ya narke, ya tashi tururi. Masu tarihi sun yanka 'yan Adam zuwa zamanin dutse da zamanin ƙarfe. Masu tattalin arziki sun jera ƙasashen duniya a kan matakala, kuma ko wane bugu na littafin na buɗe, tamu tana nan a kusa da ƙasa, ba ta gaji da jira ba. Har malamanmu na zaure sun karantar da mu yadda ɗan tayi yake tashi daga gudan jini zuwa tsoka zuwa ƙashi.

Sai na tattara waɗannan tsanuka duka na ɗaure su wuri ɗaya, na fitar da ƙa'idar da kika tashi kina ji a gidanmu fiye da kiran sunanki: duk abin da ya faru mataki ne, mataki kuwa wucewa yake yi. Da wannan jimla na tafiyar da iyalina. Yau zan nuna miki wuraren da ta kayar da ni.

Shekaru da dama kafin a haife ki, wani littafin tsarin birnin nan ya faɗo hannuna. A ciki aka rubuta cewa Abuja mataki-mataki za a gina ta, na ɗaya, na biyu, na uku, tana bazuwa kamar mai a jikin riga. Na shimfiɗa taswira a kan wannan tebur, na ɗora abin ja layi, na ja daga tsakiyar birni zuwa kudu, layin ya sauka a Yangoji. Na sayi fili. Na kai mahaifiyarki, na tsaya a kan wata jiɓa, na nuna mata da hannu na ce, “A nan za a yi shataletale. Can kuma banki.” Ta dubi gabas ta dubi yamma ta ce, “Malam, ni dai doya nake gani.” Na ce mata mataki ne. Na damƙa filin a hannun wani manomi mai suna Ɗanladi, ya riƙa nomawa kafin birni ya iso. Duk shekara ina zuwa duba yadda ci gaba yake tafiya, duk shekara yana tarbata da magana ɗaya: “Oga, garin bai iso ba tukuna. Amma doya ya yi kyau bana.” Lokacin da na ba shi filin bai yi aure ba. Bara jikansa ne ya ɗauko mini kujera.

Abin da ban gane ba shi ne, tsanin masu tsara birni niyya ce aka zana a takarda, ba alkawari ba. Ke ma an zana miki naki: aji ɗaya zuwa aji shida, sannan rantsuwa, sannan farar riga. Amma malamai suna tafiya yajin aiki, jarrabawa tana kayar da haziƙai, kuma shekara shida takan miƙe ta zama takwas. Idan wani mataki ya ƙi zuwa a lokacin da takarda ta ce, kada ki ɗauka ke ce kika lalace. Kada kuma ki hau jiɓa ki tsaya kina nuna banki. Ki yi abin da Ɗanladi ya yi, ki shuka wani abu a wurin da kike tsaye.

Wannan kuskure dariya kawai ya jawo mini. Na biyu kuwa ke ya ci, kuma har yau ban roƙi gafararki ba.

Kina aji uku a firamare kika daina magana a makaranta. Kika fara kuka da safe, kina cewa cikinki yana ciwo. Littafinki ya dawo da jan biro daga sama har ƙasa. Mahaifiyarki ta ce a kai ki asibiti. Ni kuwa, a matsayina na babban masanin gidan, na ɗauko wani ƙaton littafi a kan halayyar yara, na buɗe babin 'yan shekara takwas, na karanta mata da ƙarfi cewa a wannan mataki yaro yakan ja baya, yakan ji kunya, yakan auna kansa da tsaransa. Na rufe littafin da irin ƙarar da alƙali yake rufe shari'a. Shekara guda cur muka yi a haka. Wata rana a tashar nan ta Utako mahaifiyarki ta ce ki karanta mata sunan garin da aka rubuta a gaban wata mota, kika ce, “Wace motar, Mama?” Ashe allo ne ba kya gani. Kina zaune a bencin baya, malami yana rubutu, ke hazo kawai kike kallo. Ranar da aka sa miki tabarau kika tsaya a ƙofar asibiti kina kallon bishiya, kika ce ashe ganye ɗaya-ɗaya ne.

Ba maimaita ajin da kika yi ne yake hana ni sukuni ba. Abin da ya fi shi ne na tambaye ki daga baya me ya sa ba ki faɗa mini ba, kika ce, “Baba, ai ka ce mataki ne.” Tun daga ranar, duk sanda na ga fuskarki ta canza na tambaye ki, amsarki ke nan, kina murmushi. Zazzaɓi mataki ne. Ƙawar da ta ci amanarki mataki ne. Ni na koya miki wannan kalma, kuma yanzu zan saka ki a mota da ita zuwa garin da ba ni da ido a cikinsa. Ina tsoron ranar da wani malami zai kira ki ofishinsa ya tura ƙofa, ko ranar da za ki kwana biyu ba ki ci abinci ba, in buga waya in ce yaya kike, ki dawo mini da kalmata. Saboda haka na soke ta. Littafi yana bayanin yara dubu ne a dunƙule, bai taɓa ganin 'yata ba. Idan abu ya dame ki, ki kira shi da sunansa, ki faɗa wa mahaifiyarki ko ni a ranar, ba bayan ya wuce ba.

Akwai kuma na Alhaji Sale, maƙwabcina mai yadi, Bakatsinen nan da yake ba ki alawa yana ce miki likitar gobe tun ba ki san ma'anarta ba. Lokacin da matarsa ta rasu, bayan sadakar arba'in ya dawo kasuwa, wata mata ta taya yadi da araha, sai ya yi jifa da almakashi ya hau faɗa. Ni kuwa a makon na karanta cewa baƙin ciki matakai biyar ne. Na tashi da natsuwa na je na zauna a bencinsa na ce, “Alhaji, madalla. Ka shiga na biyu, wato fushi. Saura uku ka gama.” Ya dube ni ya ce, “Malam Habu, in ba ka tashi daga bencin nan ba, zan nuna maka na shida.” Wata huɗu bai amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba. Da muka shirya, muna cin gyaɗa a bakin shago, ya ce mini a hankali, “Kai da tsaninka. Ni kullum na farka na ga gefenta babu kowa, daga farko nake somawa.” Za a koya miki matakan cututtuka bila adadin, kuma dole ki haddace su, domin da su ake magani. Amma kafin ki gaya wa mutum inda yake a kan tsani, ki tambayi sunansa, ki tambayi wanda ya rako shi, ki ja kujera ki zauna.

To, na ƙare dogayen hanyoyi. Ga maganar.

Wata tara da suka wuce ƙafafuna suka fara kumbura, har takalmin Juma'a ya ƙi shiga. Na ce muku tsayuwar shago ce. Na je asibiti a ɓoye, aka ɗebi jini da fitsari. Likitar, yarinya ce da ba ta girme ki da shekara goma ba, ta ce hawan jinin da na yi watsi da shi, da ƙwayoyin ciwon baya da nake saya a kemis ina haɗiya kamar gyaɗa saboda ɗaukar kwalaye, sun taɓa mini ƙoda. Ta ce ciwon ƙoda matakai biyar ne, kuma ina kan na uku. Ta ce in dawo bayan wata guda.

Ki ji abin da mahaifinki ya yi da wannan labari. Da na ji kalmar mataki sai hankalina ya kwanta, kamar baƙon da ya ji harshen garinsu a tasha. Na dawo shago na ɗauki biro na yi lissafi: shekara sittin ƙodata ta yi kafin ta hau mataki uku, ke nan kowane mataki shekara ashirin ne. Saura biyu, wato shekara arba'in. Na ga zan kai ɗari, na gode wa Allah, na aika aka sayo mini tsire. Takardar sakamakon kuwa na ninke ta na ɓoye a cikin wani littafin labarin ƙasa, a babin koguna, domin shekara shida yana kan kanta ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ban koma asibiti ba.

Mako uku da suka wuce na sayar da littafin ban tuna ba. Wadda ta saya ɗalibar aikin jinya ce, ƙanenta ta saya wa. Ranar Juma'a ta dawo da takardar, ni ina masallaci, mahaifiyarki ce take tsaron shago. Ba miƙa mata kawai ta yi ba, sai da ta fassara mata. Na dawo da sallayata a kafaɗa na tarar da mahaifiyarki zaune a kujerata, takarda a cinya. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, “Malam, wannan ma mataki ne?” Na fara yi mata bayanin shekara arba'in. Ta ce, “Rufe shagon.”

Muka wuce asibiti. Da likitar ta ji lissafina ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Baba, ƙoda ba ta san lissafi ba. Wani yakan zauna a na uku har ƙarshen ransa, wani kuma ya gangara na biyar a shekara biyu. Ya danganta da abin da ka yi.” Aka sake gwaji. Ina nan a na uku, amma a bakin gaɓarsa, ina leƙen na huɗu. Na tambaye ta yaushe zan koma na biyu. Ta ce abin da ya lalace ba ya dawowa, sai dai a tsare abin da ya rage. Na tambaye ta mene ne a na biyar. Ta ce wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako. A hanyar fita muka wuce ta ƙofar ɗakin da ake yi, na hango mutane kwance, jininsu yana fita ta roba yana dawowa. Ɗaya daga cikinsu yana riƙe da jarida amma ba karantawa yake ba. Na nemi benci a wurin na zauna.

A wannan bencin na gane abin da shekara talatin na karatu ba su nuna mini ba. Tsanukan nan ba iri ɗaya ba ne. Wata yana ƙanƙancewa ya ɓace ya sake fitowa jinjiri, tururi yana komawa ruwa, waɗannan zagayowa suke yi. Kogi kuwa bai san an raba masa shekaru ba, masana ne suka ja layi don sauƙin jarrabawa. Amma kwaɗo ba ya sake zama talibambam. Ni na ɗauki komai kamar wata, na zauna ina jiran ƙodata ta sake fitowa jinjira. Idan aka koya miki wani tsani a aji, ki ɗaga hannu ki tambaya: wannan ana saukowa daga kansa, ko hawa kawai ake yi? Wannan tambaya ita ce duk abin da na mallaka na ilimi, kuma da tsada na saye ta.

Mahaifiyarki ta so a gaya miki a ranar. Na roƙe ta, domin na san halinki, na san za ki kwance akwati ki ce sai baɗi, baɗi kuma ta zama irin birnin Yangoji. Ta yarda da sharaɗi ɗaya: in rubuta da hannuna, kada in bar ko harafi. Ta ce, “Nan da shekara biyu za ta buɗe littafi ta ga ubanta a shafi, da kumburin ƙafarsa da komai. Gara ta ji daga bakinka.” Tana nan zaune a gefena yanzu tana tsinke zogale, kuma duk shafin da na gama sai ta karɓa ta duba.

Ina tsoron injin wankin ƙodar nan, Ummi, ba zan ɓoye miki ba. Ina tsoron kada in kasa zuwa ranar da za a rantsar da ke. Amma tsoron da ya fi waɗannan shi ne ki ajiye karatunki ki dawo ki zauna kina kallon ƙafafuna. Don haka ga umarni, kuma ba na raha ba ne: kada ki dawo sai hutu. Ina shan magani safe da yamma. An raba ni da gishiri da kemis. Alhaji Sale ya karɓi ɗaukar kwalaye ba tare da na roƙe shi ba, yana yi yana zagina. Ranar Talata zan koma ganin likita, kuma duk abin da ta ce, mai daɗi ko marar daɗi, za ki ji shi a ranar, daga bakina. Ni na fara faɗin gaskiya. Saura ke. Da zarar kin gama karanta wannan, ki kira ni. Ki yi kuka in kina so, ki yi mini faɗa, na cancanta. Idan kin gama zan tambaye ki yaya kike, kuma ina so in ji amsa ta gaskiya, ko da cewa ce ɗakin yana wari kuma kina jin tsoro.

Allah Ya tsare ki a ɗaki da aji da hanya. Ya haɗa ki da malamai masu tsoronSa da ƙawaye masu faɗa miki gaskiya. Ya buɗe miki ƙirji, Ya kare miki idanu, Ya dawo mana da ke lafiya, Ya sa in kasance a tsaye a tashar Utako ranar da za ki sauko. Amin summa amin.

A ƙarshe, kotun wannan shago, wadda ni ne alƙalinta kuma ni ne wanda ake tuhuma, ta zauna ta same ni da laifin ɓoye takardar asibiti a babin koguna, da laifin yi wa ƙoda lissafin da ba ta nema ba. An ci ni tarar tsinken tsire biyu, da yaji da albasa, waɗanda zan saya da hannuna gobe bayan motarku ta tashi, in miƙa wa mahaifiyarki, in zauna a gabanta ina kallo har ta cinye. Na nemi a sassauta a bar mini ko albasar. Ta ce babu ɗaukaka ƙara.

Mahaifinki,
Habu mai littattafai